Kwabo da Baƙinsa

Ɗantani ya tafi barikin da aka tura shi,
ya bar mini rediyo marar murfi
da kare wanda bai kai tulun ruwa ba.
Kwabo sunansa. Ya ce, "Inna, amana."
Ni da ko kyanwa ban taɓa riƙewa ba.

Damina ta sauka a Rikoto,
ciyawar bayan gida ta kai gwiwa.
Shanun Baba Noma suka ratsa ta da safe,
Kwabo ya ratsa ta da yamma.
Abin da shanu suka zubar, shi ya kwaso.

Ta farko a cikin kunne na same ta,
ta ƙoshi, ta yi tumbi, launin toka,
sai ka ce ɗan zurma da ya kwana a ruwa.
Ta biyu tsakanin yatsu.
Ta uku a hammata, inda haƙorinsa ba ya kai.
A goma sha bakwai na bar ƙirga,
na zauna bakin ƙofa, na yi tagumi.

Kaska ba ta sallama.
Sauro ko banza yana kuka kafin ya ci,
ita kuwa shiru,
ta tsoma kai cikin akushin mai gida
ba ta ɗagowa sai ta ga gindi.

Masu magani suka yi mini yawa.
Baba Noma ya zo da kwalba marar suna,
"Da wannan nake wa bijimaina wanka."
Yaron gareji ya ce baƙin mai.
Asabe ta leƙo ta katanga:
fiya-fiya, ɗigo uku, an wuce wurin.
Na dubi bijimin, na dubi Kwabo.
Wa ke aza wa ɗan akuya kayan raƙumi?

Ran Litinin na sa shi a kwando,
ɗan acaba na dariya har asibitin dabbobi.
Likita Rifkatu ta ɗaga masa leɓe,
ta ce dasashi ya fara fari, jini suke sha,
wani lokaci su bar zazzaɓi a madadinsa.
Ta ɗora shi a sikeli:
kilo huɗu da 'yar ɗoriya.
"Magani da awo yake, Inna.
Na shanun nan zai kashe kaskar,
ya haɗa da mai kaskar."

Ta ba ni hantsaki, ta riƙe hannuna.
Kama ta daga kai, dab da fata.
Ja a miƙe, sannu, kamar zare ƙaya.
Kada ki murɗa, kada ki fasa ta da farce.
Jefa ta a kalanzir, ki wanke hannu.
Sannan ta ɗiga masa nasa a ƙeya,
inda harshe ba ya zuwa,
ta rubuta ranar dawowa a bayan kati.

Na dawo na sa lauje a ciyawa,
na tafasa buhun da yake kwana a kai,
na bi tsagar bango da laka,
don can suke ɓoye 'ya'yansu.
Bayana ya yi kwana uku yana zagina.

Yanzu kullum bayan la'asar
sai in sa tabarau, shi kuma ya kawo kai.
Yatsuna suna tafiya cikin gashinsa
kamar sun san hanyar tun da,
tun Ɗantani na ɗan shekara biyar,
kansa a cinyata, ina neman kwarkwata,
yana barci kafin in gama.

Jiya ya bugo waya, layin na yankewa.
Bai ce ya ƙafarki ba, bai ce ya ruwa ba.
"Inna, ya Kwabo?"
Na ce yau ɗaya tak na samu, ita ma ƙarama.
Na ce, "Kai fa, wa ke duba maka bayan kunne?"
Ya yi dariya.
Layin ya tsinke.
Kwabo ya juyo mini ɗaya kunnen.